Ƙafar da Ta Riga Mama Zuwa Maga

Matan zumuntarmu ta coci sun dame ni da tambaya a kan jinyar Mama. Kowace ta kawo ɗinki sai ta zauna a benci ta ce in faro mata daga farko, har na lura kekena ya daina tafiya, bakina ne kaɗai ke aiki. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Sunana Saratu, tela ce ni a Garwa. In kina da tsohuwa mai ciwon suga a ƙauye, ki karanta wannan, sannan ki tashi ki je ki duba tafin ƙafarta da idonki. Kada ki tambaye ta a waya. Ni a waya na tambaya.

Mama Rifkatu manomiyar shinkafa ce a Maga. Kakanmu daga wajen Mubi ya zo da Hausa a bakinsa, muka taso muna yin ta a gida da coci, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta. Baba ya daɗe da rasuwa. Yana kwance a bayan cocinmu na Maga ƙarƙashin wata darbejiya, an bar wa Mama wuri a gefensa.

Duk wanda ya san Mama ya san ta da abu ɗaya, jiran dawowar Ubangiji. Ba irin jiran da muke yi ran Lahadi mu manta ran Litinin ba. Kullum da safe in ta share ƙofar gida, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dubi gabas, can inda rana ke tasowa a bayan gonaki, ta ce, "Ko yau ne?" Ta ɗan saurara. Sai ta ce, "To, ba yau ba ne. A ɗauko lauje." Tana da farin yadi da fararen takalman roba da ba ta taɓa sakawa ba, a ɗaure cikin ɗankwali, na ranar ne. Kuma ba ta kwanciya da rana ko da zazzaɓi take. Takan ce bawan kirki a tsaye maigidansa ke tarar da shi. Ƙanena Iliya ya taɓa tambayarta, in ƙaho ya busa tana bayan gida fa? Tsintsiya ta bi shi har waje.

Lokacin dashen shinkafa ne ta taka wani abu a cikin laka, ƙashin kifi ne ko ɓawon katantanwa, ba wanda ya sani. Ita kanta ba ta ji ba, don suga ya riga ya kashe mata jin tafin ƙafa. Da ta ga jini sai ta ɗaure da tsumma, ta sa leda a kai, ta koma cikin ruwa. Irin shinkafa in ya isa dashe ba a ce masa gobe. Na kira ta a makon nan, na ce yaya jiki, ta ce lafiya lau, ɗan kaushi ne ya tsage a ƙafar dama. Na ce ta shafa man kaɗanya. Kunyar wannan maganar har yau ba ta sake ni ba.

Mako uku ta yi tana tsayawa a ruwan gona da raunin nan. Maƙwabta kuma kowa da nasa ilimin. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce dakakken ganyen darbejiya, wata ta kawo toka, wata man zaitun da aka yi wa addu'a. Duk Mama ta karɓa ta gode ta shafa, ta ɗora wani a kan wani. Sai da wata maƙwabciya ta kira Iliya a Yagwa, inda yake gyaran babur, ta ce ya zo ya ga uwarsa. Ya kai ta ƙaramin asibiti, aka yi mata allura, aka ce wannan ya fi ƙarfinsu. Ya sako ta a mota zuwa wurina.

A tashar mota warin ƙafar ya riga ta isowa gare ni. Ta sauko tana murmushi, ƙullin farin yadin nan a hammata, ta ce, "Saratu, kin rame." Na kama hannunta muka nufi asibiti.

Makon farko a babban asibiti layi ne ya cinye shi. Layin kati, layin awon jini, layin ganin likita, sannan a miƙo miki ordonans, takardar magani ke nan, ki fita cikin rana ki nemo. Safar hannu ke za ki saya, auduga ke, har ruwan wanke ciwon. Ni ce gardi-malad, mai jinya, tabarmata a baranda tare da sauran mata, muna girki a kan duwatsu a bayan ɗaki. Akwai ranar da na tsaya tun safe har azahar, da na iso taga aka ce mai hatimi ya tafi cin abinci. Allah ya gani, abin da na faɗa a raina ba na 'yar zumunta ba ne. Amma a asibitin nan dai akwai wata nas da ke wanke ƙafar Mama kullum ba tare da ta yamutsa fuska ba, tana yi tana kiranta uwa da Fulatanci, "Sannu Dada, sannu." Ni da na fito daga cikin Mama sai na toshe hanci. Keken ɗinkina na biyu a makon nan na sayar, ban yi kuka a kansa ba sai daga baya.

A mako na biyu likita ya kira ni gefe. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Ya ce naman ya mutu, kuma mataccen nama jan mai rai yake yi. In an yarda yanzu, rabin tafin kawai za a cire. Ya ce da ni, "La gangrène n'attend pas, madame," wato ruɓewar nan ba ta jira. Ya zaro biro ya zana layi a fatar ƙafar, daidai inda baƙin ya tsaya, ya ce gobe mu duba.

Na fassara wa Mama. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ki ce masa na gode. Ba za a yanka ba."

"Mama, mutuwa fa ake faɗa miki."

"Ubangiji yana bakin ƙofa. Zan jira shi da ƙafata."

Washegari baƙin ya haye layin. Likita ya zana sabo a sama da shi. Jibi ma haka. Kullum da safe kafin in gaishe ta sai in ɗaga zane in dubi layukan biro suna hawa. Fastonmu ya zo ya zauna da ita, ya yi mata magana mai daɗi a kan sabon jiki da za a ba mu. Ta saurara, ta ce amin, ta ce ba za a yanka ba. Dangi kuwa waya ba ta hutawa. Wata gwaggo ta ce kada in yarda, likitoci son yanka ne da su. Wani kawu ya ce akwai mai addu'a a wani dutse, kwana uku ya isa. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya shaƙi abin da nake shaƙa.

Ran nan haƙurina ya ƙare. Na ce mata, "Shekara nawa kina cewa ko yau ne? Bai zo ba ina goye, bai zo ba ran da Baba ya mutu, sai yanzu da ƙafarki ke ruɓewa zai zo?" Mama ta dube ni, ba fushi a idonta, ta ce, "Kin gaji, Saratu. Je ki sha ruwa." Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Ina tsoron rasa ta, kuma ina jin haushinta, duka a lokaci ɗaya.

Daga nan zazzaɓi ya fara zuwa mata da la'asar. Zafi ya cika ɗakin, fanka tana juyawa a kasalance, Mama a jingine da bango don har lokacin ta ƙi kwanciya. Sai ta fara magana a hankali. Ta ce ruwan tafkin Maga ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta ce shinkafa ta tsiro a tsakanin gadaje, kore shar, iska tana kaɗa ta. Balbelu sun sauka a kan ƙarfen ƙarin ruwa. Ga Baba can a kwalekwale, ya ajiye sandar tuƙi yana kallon gabas, gajimare kuma ya yi wani haske da ba ta taɓa gani ba. Takan ce, "Saratu, ɗage zanenki, zai jiƙe." Ni kuma da rashin barci ya gama da ni, wallahi akwai la'asar ɗin da na ɗage. Na zauna a gefen gadon, ƙafafuna a sama, ina jin kamar sanyin ruwa na wucewa ta ƙasa, ina jin kukan tsuntsayen gona a tsakiyar Garwa. Ban so kowa ya tashe mu ba. Sai mai tura keken magani ta shigo, ruwan ya janye.

A gadon da ke kusa da namu akwai Hajiya Falmata, 'yar kasuwa daga Kuseri, mai fataucin kifi, ta karye a ƙugu. Mace ce mai baki, Hausarta haɗe da Larabcin Chadi, ta san ciwon kowa a ɗakin da sunan mijin kowa. Tana jan carbinta, Mama tana rera waƙoƙinta ƙasa-ƙasa, har suka saba. A mako na uku, wata safiya ina wanke kwano a bakin taga, ba su san ina ji ba, Hajiya ta ce:

"Maman Saratu, yarinyar nan ta fita. Ni ba likita ba ce, ba fasto ba ce. Gaya mini gaskiya, me kike tsoro? Wuƙa?"

Mama ta ce, "Na haifi bakwai, na binne biyar. Wuƙa me ce? Hajiya, in sun yanke ƙafar a nan za ta zauna, a Garwa, ban ma san ramin da za su jefa ta ba. Ni kuma a Maga za a sa ni, kusa da Malam mijina. Ran da ƙaho ya busa, kowa ya tashi ya ruga taryen Ubangiji, ni in tashi da ƙafa ɗaya? Shekara sittin ina jira a tsaye, ranar kuma in zo da rarrafe?"

Hajiya ta fashe da dariya, ƙugun ya soke ta, ta yi salati. Ta ce, "Haba baiwar Allah! Wanda ya ƙera ta tun babu, shi ne zai rasa inda aka ajiye ta?"

"Na sani. Fasto ma ya faɗa. Kaina ya yarda, zuciyata ce ta ƙi."

Hajiya ta daina dariya. Ta ja carbi sau biyu ko uku, ta ce, "To wa ya ce sai a Garwa? Mu a wurinmu in an yanke gaɓa, naɗe ta ake yi a binne da mutunci. Motata tana tashi daga nan zuwa Maga ɗaukar kifi duk mako, da akwatin ƙanƙara, kuma wayam take tafiya. A kai ta can ta jira ki. Kalas, magana ta ƙare."

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Kwana goma ina faɗa da Mama, ban taɓa tambayarta me take tsoro ba.

Da na shigo Mama ta ce, "Kin ji ai, mai kunnen zomo. Je ki tambayi likitanki." Likita ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in dangi sun nema ana ba su, zai rubuta takarda. Amma ya ɗaga zanen ya nuna mini layukan bironsa. Maganar rabin tafi ta wuce. Yanzu sai ƙasa da gwiwa.

Mama ta kwance ƙullin nan da ban taɓa ganin an kwance ba. Ta miƙo mini farin yadin ta ce in yanki abin da zai naɗe ƙafar, in kalmashe bakinsa da kyau. Ta ce, "Ki auna da gaskiya, na san halin teloli. Kada ki cuce ni a ragowar, ina da aiki da ita." Ta ba ni takalmin dama, ta mayar da na hagu cikin ɗankwali. Sharaɗinta uku ne: a sa wa ƙafar takalmi, a binne ta a gefen Baba ta wajen da damanta zai kasance, yatsun kuma su dubi gabas. A barandar asibiti na zauna na yi kalmasar nan da hannu. A duk shekarun da na yi ina ɗinki ban taɓa yin ƙananan ɗinki masu kyau irin na ranar ba.

Da safe aka shiga da ita ɗakin tiyata, kafin azahar aka fito. Da na tabbata ta farfaɗo, na bar ta a hannun matan zumunta biyu da bakin Hajiya. Washegari da asuba na shiga gaban motar kifi, akwatin ƙanƙara a baya.

Ban san yadda zan kwatanta tafiyar nan ba. Duwatsu suna wucewa, gonakin auduga da dawa suna wucewa, ina gyangyaɗi ina farkawa, kowane rami muka faɗa sai in waiwaya in ce sannu Mama. Direban bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Bayan Marwa wani jandarma ya tsayar da mu, ya buga akwatin da sanda ya ce me ke ciki. Na ce ƙafar uwata ce. Ya ɗauka raini ne, har ya fara ɗaga murya. Na miƙa masa takardar likita. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire hularsa, ya ce mu sauka lafiya.

La'asar muka isa Maga. Shinkafar da Mama ta dasa da ruɓaɓɓiyar ƙafa ta yi kore shar har iyakar gani, da balbelu a kai, daidai yadda ta riƙa faɗa a asibiti. Iliya ya riga ya haƙa rami ƙarƙashin darbejiyar. Na sa takalmin, na naɗe, muka daidaita yatsun. Sai muka tsaya cirko-cirko, don ba wanda ya taɓa koya mana addu'ar da ake yi wa ƙafa. Iliya ya ce, "Baba, ga somin-taɓi, sauran na nan tafe." Muka yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na ce, "Ya Ubangiji, ka san inda muka ajiye." Muka mayar da ƙasa.

Da na koma, kafin ta amsa gaisuwata ta ce, "Ina yatsun suka duba?"

"Gabas, Mama."

"Takalmin ya shiga?"

"Ya shiga daidai."

Ta lumshe ido. Sai ta zame a hankali ta kwanta, da rana tsaka, karo na farko a sanina. Na ce, "Mama, kin kwanta fa." Ta ce, "Wadda ke tsayuwar ta riga ta tafi wurin aiki. Ni bari in ɗan huta."

Sauran makonnin na wankin ciwo ne da koyon sanda. Sau biyu bakin ɗinkin ya yi ruwa, sau biyu muka koma layi. Suga ya ƙi sauka sai da na zama 'yar sandan tuwo da shayi, muna faɗa a kan kowane cokali. Hajiya aka sallame ta kafin mu. Da za a fita da ita ta riƙe hannun Mama ta ce, "Ranar nan in kin ruga, ki waiwayo ki ga ko ina baya." Mama ta ce, "Da wannan bakin naki ai ke za ki riga kowa." Ba su sake ganin juna ba, sai gaisuwa ta bakin direba.

Wani abu da ban gane ba har yau: Mama ta ci gaba da jin ƙafar. Likita ya ce haka ake yi, jijiya ce ke tunawa. Amma wata rana tana zaune sai ta ce, "An saki ruwa a gonaki, ina jin sanyinsa a yatsuna." Na kira Iliya don in ƙure ta. Ya ce jiya aka buɗe. Na ajiye wayar.

Ga abin da nake so ku riƙe, 'yan uwa. Mai suga ba ya jin rauni a ƙafa, sai an duba masa. Zuma da toka ba laifinsu ba ne, amma sun ci mana mako uku. Taurin kan Mama da gajen haƙurina suka ci kwana goma, kwana goman nan kuma su ne tsakanin rabin tafi da gwiwa. In tsohonku ya ƙi magani, kafin ku ɗaga murya ku zauna ku tambaye shi abin da yake tsoro. Ina gode wa nas ɗin nan da ban riƙe sunanta ba, da likita mai biro, da matan zumunta da suka yi ta kawo kunu, da Hajiya Falmata. Mai hatimi kuma na yafe masa, amma da ƙyar.

Mama ta ƙara ganin kaka biyu. A ƙofar shagona take zama a kujera, fuskarta gabas, tana sa mini maɓalli. Da safe in na share ƙofa sai ta ɗaga kai ta ce, "Ko yau ne?" Ta saurara. "To, ba yau ba ne. Miƙo zare." Na taɓa ba ta haƙuri a kan maganar da na yi mata a asibiti. Ta ce, "Ai gaskiya kika faɗa, bai zo ba. Ni dai ba a ce in san ranar ba, cewa aka yi in jira."

A kaka ta biyu ta matsa sai an kai ta Maga ta ga yankan shinkafa. Kwana huɗu ta yi tana zama a bakin gona, ana kawo mata zangarniya tana murzawa a tafin hannu. A na biyar da hantsi maƙwabciya ta kawo mata kunu, ta tarar da ita a kujera, fuska gabas, ta riga ta tafi.

Ragowar yadin ta isa naɗe ta, har da rara, ban cuce ta ba. Iliya ya haƙa a hankali ta wajen dama don kada ya taɓa ajiyarmu. Ni na kwance ɗankwalin, na sa mata takalmin hagu.

Yanzu kujerar tana nan a ƙofar shago, ban iya ɗauke ta ba. Da safe nakan share, in tsaya da tsintsiya a hannu. Ban taɓa shirya yin haka ba, kaina ne ke ɗagawa da kansa ya dubi inda rana ke tasowa a hayin kogin Binuwai. Can bayan duwatsu, ƙarƙashin darbejiya, akwai wata tsohuwa da takalmanta biyu a ƙafa. Nakan ɗan saurara. Sannan in ce, to, ba yau ba ne, in shiga in taka keke.